Farautar kusu a kan dutsen Bagzan: abin da tarkon wani Bature ya bar wa ƴan kasuwa

Duk wanda ya taɓa sayen albasar Agadas, ko tafarnuwa, ko dankalin turawa da motoci ke saukowa da su daga arewa, to ya ci arzikin duwatsun Abzin ko da bai taɓa taka su ba. Kafin motoci kuwa, ayarin Abzinawa ne ke kawo wa kakanninmu kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da gero. To amma akwai wani kaya da aka taɓa saukowa da shi daga waɗannan duwatsu wanda ba a taɓa kasa shi a kasuwa ba: fatun kusu, wato ɓera kamar yadda ake cewa a Kano, jere cikin akwatuna, kowace fata da ƴar takarda ɗaure a ƙafarta.

Mai wannan kaya wani Bature ne, Kyaftin Angus Buchanan, wanda ya zo Abzin sau 2, a 1920 da 1922. Mai karatu zai ce wannan ai aikin marar aikin yi ne. Sai dai ƴan takardun nan da ya ɗaura wa ɓeraye suna cikin abubuwan da masana ke dogara da su yau don gane wane kusu ne ɗan gida a ƙasashenmu, wane ne kuma baƙo da ya shigo cikin kayan fatake. Wannan tambaya kuwa ta shafi duk mai buhu ajiye a mangaza.

Daga Fanisau zuwa Agadas

An haifi Buchanan a 1886 a tsibiran Orkney, can arewacin Birtaniya. Ya yi yawon neman tsuntsaye a dazuzzukan Kanada a 1914, sannan ya yi aikin soja a gabashin Afirka lokacin yaƙin duniya na farko. Da yaƙi ya ƙare, sai wani attajiri mai suna Walter Rothschild, wanda ya gina gidan ajiye namun daji da tsuntsaye a garin Tring na Ingila, ya ɗauki nauyinsa ya turo shi. Dalili shi ne, a lokacin masanan Turai sun san dabbobin Aljeriya, sun san na Najeriya, amma abin da ke tsakani, daga Damagaram zuwa Abzin, kusan duhu ne gare su.

Ya iso Kano ta jirgin ƙasa a ƙarshen 1919. Bai yi gaggawar wucewa ba, ya kafa zango a Fanisau, arewa da birni, ya fara ɗana tarko. A nan ne ya kama wani ƙaramin kusun rairayi, mai jan baya da farin ciki da manyan idanu, wanda masana biyu na gidan tarihin Landan, Oldfield Thomas da Martin Hinton, suka raɗa wa suna Gerbillus nigeriae a 1920. Manoman gero sun san shi tun kafin a haifi waɗannan Turawa: shi ne mai bin shuka da dare yana tone iri, har ya sa mutum ya sake shuka. Abin da Buchanan ya ƙara shi ne ya sa aka auna shi, aka rubuta kamanninsa, ta yadda masani a Dakar ko a Yamai zai gane shi ba tare da ya rikita shi da wani ba.

A farkon 1920 ya ɗaura kaya bisa raƙuma, ya bi hanyar fatake ta Damagaram da Damargu da Adarbisanat har Agadas. Ya tarar da ƙasar ba ta gama farfaɗowa ba daga yaƙin Kawsan, wanda ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Ramuwar da Faransawa suka yi ta watsa jama'a, garuruwa da dama na arewacin Abzin sun zama kufai. Cikin wannan hali ne ya hau Bagzan da bazara, ya zaga har Timiya da Iferwan. Labarin tafiyar ya fito cikin littafi a 1921.

Yadda ake aikin

Aikin mai tarko yana farawa da la'asar, ba da safe ba. Yakan zaga yana duban ƙasa: ga rami mai sabuwar ƙasa a baki, ga sawu a rairayi, ga kashi a gindin dutse, ga ɓawon ƴaƴan aduwa da aka gaigaye. Inda ya ga alama nan yake ɗana tarko, a jere, taki kaɗan tsakanin wannan da wancan, yana sa shaida don kada ya ɓata. A zamanin Buchanan tarkon mai kashewa ne. Dole a kewaya tun da asuba, domin in rana ta ɗaga, ko dai tururuwa ta cinye abin da aka kama, ko zafi ya lalata fatar.

Daga nan sai zaman awo. Ana auna tsawon jiki, da na wutsiya, da na ƙafar baya, da na kunne, duka da milimita. A feɗe a hankali, a shafa wa fatar magani don kada ƙwari su ci, a cusa auduga, a ɗinke, a shanya a inuwa. Ƙoƙon kai ana tsabtace shi daban, saboda haƙora ne ke bambanta iri da iri fiye da launin gashi. Sannan a rubuta takardar: sunan wuri, kwanan wata, tsayin wurin daga teku, namiji ne ko mace. Fata marar takarda kamar buhu ne marar shaida a tasha, ba wanda zai iya cewa daga ina ya fito.

Masanan yau sun fi amfani da tarko mai kama dabba da rai, wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai ƙofa da ke rufewa da kanta, ko kuma na waya. Abin da ake sawa ciki tunkuza ce, wani lokaci a haɗa da daddawa. Dama Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Suna kuma da lissafinsu. Alal misali, in an ɗana tarko 100 har dare 3, an yi kwanan tarko 300 ke nan. In an kama 30, kamun ya zama 10 cikin 100. Da wannan lissafi ake gwada gari da gari, ko bana da bara.

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne, Bature ba ya wannan aiki shi kaɗai. Masu ja-gora, da masu raƙuma, da masu dafa abinci, da waɗanda suka san ramin kowace dabba, Abzinawa ne da Hausawa. Amma da aka zo raɗin suna, sai sunayen Buchanan da Rothschild suka hau kan dabbobin. Abin da ya zo kusa da mu shi ne wata kyanwar daji da ya samo, wadda aka kira Felis haussa a 1921.

Mazauna Bagzan

Bagzan wani makeken tudun dutse ne arewa maso gabas da Agadas, mai gefuna a tsaye kamar ganuwa, samansa kuma shimfiɗe da ƙauyuka da lambuna. A kansa ne ƙololuwar Idukal-n-Tagas take, mai tsayin mita 2,022, wurin da ya fi ko'ina tsayi a Nijar. A zamanin Buchanan ba a hawansa sai ta ƴan hanyoyi ƙalilan masu wuya.

A can ne ya kama wani kusu mai ban mamaki, wanda gashin bayansa ke da tsini kamar na ƴar bushiya. An sa masa suna Acomys airensis, wato na Abzin. Fatar danginsa ba ta da ƙwari ko kaɗan: in maciji ko mujiya ta cafke shi, sai fatar ta yage ko ta wutsiya ta saɓule, shi kuwa ya tsere. A 2012 masu bincike suka nuna cewa ƴan'uwansa na Kenya suna warkewa daga irin wannan rauni har gashi ya sake tsirowa ba tare da tabo ba, abin da ya sa likitoci ke nazarinsu.

Ya kuma samo wata ƴar dabba mai gajerar wutsiya da kunnuwa a manne da kai, wadda masana ke kira gundi. Ita da rana take fita, ta sha hantsi bisa dutse, ta ci ganye, in ta ji motsi ta shige tsagar da ko hannu ba ya shiga. Ba ta buƙatar zuwa rijiya, ruwan da ke cikin ganye ya ishe ta. Akwai kuma agwada, da ragon dutse a can saman tsaunuka. Waɗannan duka mazauna dutse ne, ba ruwansu da rumbu ko mangaza. Amfanin saninsu shi ne, sai an san na dutse da na rairayi da na gona kafin a iya nuna wani a ce wannan ba namu ba ne.

Kaka a kan dutse

Buchanan ya komo a 1922, wannan karon da mai ɗaukar hoton sinima, T. A. Glover. Ya yi damina a Abzin, kaka ta same shi a gindin Bagzan. Ga mai irin aikinsa babu lokacin da ya fi wannan. Ruwan Abzin kaɗan ne, a Agadas ba ya cika wuce milimita 150 a shekara, kuma kusan dukansa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Amma dutse ba ya shan ruwa, sai ya tattara shi ya zuba cikin ƙoramu. Shi ya sa da kaka za ka ga bakin ƙorama shar, ciyawa ta yi ƴaƴa, alhali tazara kaɗan daga nan ƙasa ce ƙeƙasasshiya. Ɓeraye kan hayayyafa idan ƙwaya ta wadata, saboda haka daga Oktoba zuwa Disamba ne suka fi yawa. Manomi ya san haka, don lokacin ne ake kai amfanin gona rumbu.

Wanda ya hau dutsen a wannan lokaci zai ga itatuwa suna sauyawa kamar hawan bene. A ƙasa, cikin kwari, akwai goriba da gawo da bagaruwa da kurna, ga tumfafiya a inda dabbobi suka cinye ƙasa. A fako kuma kandili da aduwa da jiga da anza, itatuwan da Bahaushen Damargu ya sani sarai. Tsakanin duwatsu ana samun dashi, da nobe mai ƙamshi, da filasko. Mutanen Bagzan, musamman mata, sun shahara wajen tsinko ganyayen magani a wannan lokaci, su shanya, har su kai kasuwa.

Can sama kuwa, daga wajen mita 1,500, akwai wani itace da ba a samu a ƙasar Hausa: zaitun na daji. Ana kiransa zaitun ɗin Laperrine, da sunan wani janar na Faransa. Ba a samunsa sai a manyan duwatsun Sahara, irin su Bagzan da Tamgak a Nijar, Hoggar a Aljeriya, da Jabal Marra a Darfur ta Sudan. Saura ne daga zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyawa, shekaru dubbai da suka wuce, zamanin da aka zana raƙuman dawa a jikin dutsen Dabus. Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa a duwatsun Nijar wannan itace ba ya samun sababbin ƴaƴa masu tsirowa daga ƙwaya. Tsofaffin kututtura ne ke ta toho, awaki da raƙuma kuma na cin tohon. Ma'ana, duk wanda aka sare har saiwa, ya tafi ke nan.

Akwai kuma wata ciyawa mai kauri da Abzinawa ke kira afazo. Masu bincike sun lura cewa ƙaramin kandili ya fi rayuwa idan ya tsiro cikin kumburin afazo, domin ciyawar na ɓoye shi daga bakin akuya har ya yi ƙarfi. Inda aka tumɓuke afazo, an rage itatuwan gobe. Masu sayen gawayi da itace da ciyawa daga arewa ya kamata su san wannan.

Tare da ayarin gishiri

Kaka ce kuma lokacin tashin ayarin Bilma. Abzinawa kan jira raƙuma su ƙoshi da ciyawar damina, su yanki wata su ɗaure dami-dami, saboda a Tenere babu abin da raƙumi zai ci. A watan Oktoba 1922 Buchanan ya bi wannan ayari mai dubban raƙuma daga Tabelot, garin da yau ya yi suna wajen albasa, ya ratsa ta Fashi zuwa Bilma. Daga baya ya nufi arewa, ya bi ta Hoggar, ya isa Tugurt a Aljeriya a 1923, bayan tafiyar kimanin kilomita 5,600 daga Kano. Raƙumin hawansa sunan Hausa gare shi, Farin Gashi, kuma shi ya sadaukar wa littafinsa na 1926. Buchanan ya rasu a 1954. Mafi yawan tsuntsayen gidan Rothschild an sayar da su ga wani gidan tarihi na Amurka a 1932, ɓerayen kuwa suna Landan, kuma har yanzu masana na komawa gare su.

Ɗan gida da baƙo

To ina ruwan ɗan kasuwar Ɗan Isa ko Maigatari ko Ƙonni da wannan? Ga inda ruwansa yake.

Kusun da ya saba zama cikin gidajenmu shi ne wanda masana ke kira Mastomys, mai nonuwa da yawa, macen kan haifi ƴaƴa 10 ko fiye a ciki ɗaya. Ɗan ƙasa ne. Amma akwai baƙi 2 da asalinsu Asiya ne, waɗanda jiragen ruwa suka yaɗa a duniya: baƙin ɓera mai wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo, gwanin hawan rufi, da kuma wani ɗan mitsitsin kusu mai shiga ta ramin da yatsa kawai ke shiga.

Masu bincike na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da na cibiyar IRD ta Faransa sun ɗana tarko a unguwanni da kasuwanni da lambunan Yamai, suka buga sakamakon a 2014. Sun gano cewa baƙin nan biyu sun riga sun shiga birnin, suna zaune a wuraren ciniki da ajiye kaya, kuma inda suka kafu ba a cika samun ɗan gida ba. Alamu na nuna suna korar shi ne sannu a hankali. Wani binciken na 2016 a kudu maso yammacin Nijar ya danganta yaɗuwar baƙin ɓera da zirga-zirgar kayan fatauci, na 2019 kuma ya bi garuruwan da ke kan hanyar Kwatano zuwa Yamai ya same shi a can. A taƙaice, ɓeran ba da ƙafarsa yake ƙetare iyaka ba. Cikin buhunan masara da shinkafa yake kwanciya, babbar mota ta kawo shi, kuma babu duwan ɗin da ke tambayarsa takarda. Ayarin raƙuma, da ake sauke wa kaya kowane dare a fili, bai ba shi irin wannan dama ba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga huda buhu ba. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lasa na ƙasar Barno, ba a san inda yake ɓuya ba sai da aka ɗana tarko a Saliyo bayan annobar 1972, aka samu ƙwayar cutar a jikin Mastomys. Tana kama mutum ta abincin da fitsari ko kashinsa ya taɓa. A 2015 kuma aka ba da rahoton samun ƙwayar wata cuta mai suna leptosipirosis a jikin ɓerayen lambunan Yamai, har da gafiya. Ita ta ruwan da fitsarinsu ya gurɓata take shiga jiki. Duk wannan sani, mai tarko ne ya kawo shi, da irin awo da takardar da Buchanan ya yi a Fanisau da Bagzan.

Abin da mai mangaza zai iya yi

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A toshe ramuka da siminti, a sa ƙarfe a ƙasan ƙofa. Kada a jibge buhuna a ƙasa. A ɗora su bisa katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa ya duba. A share zubabben hatsi kowace yamma. In mota ta iso daga nesa, musamman wadda ta kwana a tashar jiragen ruwa ko a babbar kasuwa, a duba ƙarƙashin tampol da tsakanin buhuna kafin a shigar da kaya. Tarko ya fi guba aminci a inda ake ajiye abinci, domin guba kan kashe kaji da kyanwa, ta kuma kai ga yara. Mushen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu tsirara. A sa leda, a binne shi ko a ƙone.

Sannan a riƙa duban abin da tarko ya kama. In wutsiyar ta fi jiki tsawo, kunnuwan manya, kuma da dare kana jin gudu a rufi, to alama ce baƙo ya sauka. A sanar da maƙwabta da shugabannin kasuwa da ma'aikatan gona, domin mangaza ɗaya ba ta iya yaƙin ita kaɗai. Kaka ce lokacin da kaya ke cika rumfuna, ita ce kuma lokacin da ɓeraye suka fi yawa, saboda haka gyaran mangaza kafin shigowar sabon hatsi ya fi na bayansa sauƙi da arha.